Iri Marar Guzuri: Tarihin Shuka Furen Malam-Buɗe-Littafi, daga Dajin Asiya zuwa Kwalba

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata tambaya da ta gagari masana tsirrai na Turai fiye da shekara 60, watau dalilin da ya sa ƙwayar irin wani fure da ake kawowa daga tsibiran Asiya ta Kudu maso Gabas ba ta tsira idan an shuka ta. A ido tambayar ƙarama ce, ta masu lambun ado. Amma muddin ba a amsa ta ba, babu hanyar samun furen da yawa sai a je dajinsa a ɓamɓaro shi daga jikin itace, kuma haka aka yi ta yi, jirgi bayan jirgi, har wasu dazuzzuka suka wayi gari babu shi. Saboda haka tarihin yadda aka koyi shuka wannan iri da tarihin abin da ya sami mazauninsa na asali a ɗaure suke da igiya ɗaya, kuma tare za a bi su.

Furen da mazauninsa

Furen ɗan dangin tsirran nan ne da ake kira okid, dangi mai iri fiye da 25,000, wanda a cikinsa ne ake samun banila da ake sa wa kek da askirim don ƙamshi. Masana suna kiran zuriyarsa Phalaenopsis, a nan za a riƙa cewa Falanofsis. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa mai kama da faɗa-wuta, ƙwaron nan da ke kewaya fitila da dare, kuma a kan haka Ingilishi suke kiransa. Mutanen Sin da Taiwan da Japan kuwa malam-buɗe-littafi suka gani a fuka-fukansa, haka ma mutanen Filifin da suka ari kalmar Sifaniyanci mariposa. A Indunusiya ana ce da farin cikinsu anggrek bulan, watau okid na wata, kuma tun 1993 yana cikin furanni uku da gwamnatin ƙasar ta ayyana na ƙasa.

Zuriyar tana da iri kimanin 70. Ana samun su daga gindin duwatsun Himalaya da kudancin Sin, a bi ta Taiwan da Filifin da Borniyo da Jawa, har Sabuwar Gini da arewacin Ostareliya, amma cibiyarsu Filifin ce da tsibiran Indunusiya. Galibinsu ba su taɓa ƙasa. A kan rassan itatuwa suke zaune, cikin daji mai zafi da laima, sau da yawa kusa da rafi, inda hasken rana ke isowa a tace ta cikin ganyaye. Wanda ya saba da dajin ƙasar Hausa, in ya ji an ce tsiro a kan reshen wani itace, kauci zai fara zuwa masa a rai. To, akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin itacen; Falanofsis aron wurin zama kawai yake yi. Saiwoyinsa masu kauri suna manne a bayan ɓawo, an lulluɓe su da wata farar fata mai kama da soso wadda ke tsotse ruwan sama cikin ƙiftawar ido, tare da ɗan abin da ruwan ya wanko na ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsu. Da an ɗauke ruwa kuma iska ta busar da su.

Ba shi da wani dankali ko albasa da zai ajiye ruwa a ciki kamar wasu 'yan'uwansa. Ma'ajiyarsa ganyensa ne, faffaɗa mai nama. Don tattalin wannan ruwa, da dare yake buɗe ƙofofin numfashin ganyen, ya rufe su da rana. Abu na ƙarshe da ya kamata a lura da shi shi ne yadda yake zama: a karkace yake maƙalewa a jikin itace, ganye na reto ƙasa, ta yadda ruwa ba ya kwanciya a tsakiyar kansa. Wanda ya dasa shi a tsaye cikin tukunya, ya tsiyaya masa ruwa a ka, ya ruɓar da shi. Wannan ɗan bayani da kowane mai saran itace a Borniyo zai iya yi, sai da aka yi asarar dubban tsirrai a Turai kafin a gane shi.

Yadda ya shiga littattafai

Daga cikin Turawan farko da suka rubuta bayanin furen akwai Georg Eberhard Rumphius, Bajamushe ma'aikacin Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda ya zauna a tsibirin Ambon kusan shekara 50 har rasuwarsa a 1702. Labarin littafinsa abin tausayi ne. Ya makance a 1670. A 1674 girgizar ƙasa ta kashe matarsa da 'yarsa. A 1687 gobara ta cinye zane-zanen littafin. Da aka sake su aka aika da rubutun Holan a 1692, sai Faransawa suka nutsar da jirgin. Sa'ar da aka yi ita ce an bar kwafi a Batabiya, birnin da ake kira Jakarta yanzu. Da rubutun ya isa Holan kuma, kamfanin ya danne shi don tsoron kada abokan gasa su amfana da sirrin kayan yajinsa. Sai tsakanin 1741 da 1750 aka buga Herbarium Amboinense, marubucinsa ya daɗe a kabari. A ciki ya ba farin furen suna daga kalmar Malay angrek, ya mai da ita Angraecum. Wani abin mamaki, wannan suna na Malay yau wata zuriyar okid ta Afirka da Madagaska ce ke amsa shi.

Linnaeus ya sa wa furen suna Epidendrum amabile a 1753, daga busasshen samfurin da almajirinsa Pehr Osbeck ya ɗebo a gaɓar Jawa. Carl Ludwig Blume, shugaban lambun tsirrai na Buitenzorg a Jawa, garin da ake kira Bogor yanzu, shi ne ya ware shi zuriya mai zaman kanta a 1825, ya raɗa masa sunan da ya bi shi har yau.

Zamanin farauta

Rayayyen Falanofsis ya isa Ingila a 1837, sa'ad da Hugh Cuming ya aiko da shi daga Manila ga gidan renon tsirrai na Rollisson. Ya zo a kan gaɓa. 'Yan shekaru kafin nan, a 1833, Duke na Devonshire ya ga wani okid na Tirinidad wanda shi ma ake yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi, Psychopsis papilio a sunansa na yau, ya kamu da son tara okid, sauran masu hannu da shuni kuma suka bi sahunsa. Abubuwa uku suka hura wutar: akwatin gilashi da Nathaniel Ward ya ƙirƙiro don ɗaukar tsirrai a jirgin ruwa, da soke harajin gilashi a Ingila a 1845 wanda ya sa gina ɗakin gilashi ya yi sauƙi, da buɗe mashigin Suwez a 1869 wanda ya gajarta tafiya.

Manyan gidajen reno, irin su Veitch da Low da Sander, suka ɗauki mafarauta suna tura su gabas. Thomas Lobb ya aiko wa Veitch farin Jawa a shekarun 1840. Phalaenopsis schilleriana, mai fure ruwan hoda da ganye mai rodi-rodi, ya fara buɗewa a Turai a 1860 a gidan wani attajirin Hamburg mai suna Schiller. William Boxall ya samo wa Low Phalaenopsis stuartiana a Mindanao, aka sa masa suna a 1881. Sunayen da aka raɗa wa furannin duk na masu saye ne da masu sayarwa. Mutanen da suka hau itatuwan, suka yi dakon kwandunan zuwa bakin teku, ba a ajiye sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin fure ba.

Yadda ake farautar kuwa babu tausayi a ciki. Idan furen ya yi nisa a sama, sai a sare itacen. Idan mafarauci ya sami wuri mai albarka, sai ya kwashe shi ƙaf don kada abokin hamayya ya zo bayansa ya samu, ya kuma ɓoye sunan wurin ko ya faɗi na ƙarya. Falanofsis ya fi sauran okid wahala a hanya, da yake ba shi da ma'ajiyar ruwa, saboda haka akasarin abin da aka loda yakan iso a ruɓe. Wanda ya tsira daga jirgi kuma sai ya faɗa ɗakin gilashin da aka toshe ko'ina, aka cika da tururi, bisa zaton da Turawan lokacin suke yi cewa haka dajin ƙasashen zafi yake. Ba su san cewa a kan reshe iska ba ta tsayawa ba. Har aka riƙa yi wa Ingila kirari da maƙabartar okid. Duk wanda ya mutu, sai a aika a ɗebo wani.

Ƙwayar da ta ƙi tsira

Mai hankali zai tambaya: me ya hana a shuka iri a huta? Iri dai ba a rasa shi ba. Kwanson okid guda yana ɗauke da ƙwayoyi dubbai, a wasu irin ma har miliyoyi, ƙanana kamar ƙura. Charles Darwin, wanda ya buga littafi sukutum a kan okid a 1862, ya ƙirga ƙwaya kimanin 6,200 a kwanso ɗaya na wani ƙaramin okid na Ingila, ya yi lissafin cewa da kowace za ta tsira, da tattaɓa-kunnen tsiro ɗaya sun kusa rufe duk doron ƙasa. Ya yarda cewa akwai abin da ke hana hakan, bai kuwa gano shi ba.

Sirrin yana cikin ƙirar ƙwayar. Ƙwayar gero ko ta masara, in an fasa ta, za a tarar mafi yawanta gari ne, watau guzurin da uwa ta ɗaura wa ɗan tsiro ya ci har ya fitar da ganye ya fara neman na kansa. Ƙwayar okid ba ta da wannan guzuri. Ɗan dunƙule ne na ƙwayoyin halitta kaɗan, babu saiwa babu ganye, cikin wata riga shara-shara mai cike da iska. Uwar ta zaɓi yawa da rashin nauyi, don iska ta kai 'ya'yanta saman itatuwa, ta sallame su hannu rabbana. Manomin dawa ya san irin wannan dabara a wurin ƙuduji, wanda shi ma irinsa ƙura ne, kuma ba ya tsira sai ya ji saiwar da zai rayu a kanta. Abin da ba a sani ba shi ne a kan wa irin okid yake dogara.

Duk da haka an yi ta samun nasara jefi-jefi ba tare da an san dalili ba. David Moore na lambun Glasnevin a Dublin ya ba da rahoton tsirar irin okid a 1849. A gidan Veitch da ke Exeter, wani likitan fiɗa mai suna John Harris ya nuna wa John Dominy yadda ake ɗaukar dunƙulen garin fure daga wannan okid a sa wa wancan, kuma a 1856 barbarar yanyawa ta farko da hannun mutum ya haɗa, Calanthe Dominyi, ta yi fure. Masu reno sun lura da abu ɗaya: iri ya fi tsira idan an barbaɗa shi a kan tukunyar da uwarsa ke ciki. Suka riƙe wannan a matsayin al'ada. Sakamakon kuwa bai taka kara ya karya ba. John Seden, magajin Dominy, ya haɗa Phalaenopsis amabilis da Phalaenopsis violacea, ya shuka irin a 1882. Daga cikin dubban ƙwayoyi tsiro ɗaya tak ya rayu, ya yi fure a 1887, wani attajirin Amurka ya saye shi aka sa masa sunan 'yarsa, Harriettiae. Shekara biyar a kan tsiro ɗaya ba ta iya gasa da jirgin da ke tahowa daga Manila.

Bernard da fumfuna

Amsar ta fito daga dajin Fontainebleau na Faransa. A watan Mayu na 1899 wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Noël Bernard, yana cikin aikin soja na tilas, ya fita yawo ya tarar da kwansunan wani okid na ƙasa, Neottia nidus-avis, a binne cikin ruɓaɓɓen ganye, irin da ke ciki ya fara tsira. Da ya duba su a madubin likita sai ya ga kowace ƙwaya da ta tsira akwai zaren fumfuna a cikinta. Masana sun riga sun san ana ganin fumfuna a saiwar okid. Abin da Bernard ya ƙara shi ne cewa ita ce ke ta da ƙwayar daga barci, kuma nan take al'adar masu reno ta sami ma'ana: tukunyar uwa tana cike da fumfunar uwa.

Ya shafe shekara goma yana tabbatar da wannan. Ya ware fumfuna daga saiwoyi ya rene ta ita kaɗai a bututun gilashi, sa'an nan ya haɗa ta da iri mai tsabta. Ya bambanta iri uku, ɗaya daga cikinsu, wadda ya kira Rhizoctonia mucoroides, daga saiwar Falanofsis ya samo ta. Ya nuna yadda zaren ke shiga ta ƙarshen ƙwayar, ya naɗe kamar gammo a cikin ƙwayoyin halittarta, ita kuma ta narkar da shi ta cinye. Ƙwayar takan kumbura ta zama ɗan ƙulli kamar kan allura, daga bisani ganye da saiwa su fito daga jikinsa. Bernard ya ga cewa zaman nan na doya da manja ne: in fumfuna ta fi ƙarfi ta cinye ƙwayar, in ƙwayar ta fi ƙarfi ta kashe fumfunar ta mutu da yunwa, sai an yi daidai wa daida ake samun tsiro. Tarin fuka ya kashe shi a 1911 yana da shekara 36. A Jamus Hans Burgeff ya ci gaba da irin wannan bincike, a Ingila kuma Joseph Charlesworth ya mai da shi sana'a, ya rene okid masu yawa da fumfuna. Sai dai hanyar tana da wuya. Kowace zuriya da fumfunar da take so, fumfunar kuma takan yi sanyi in ta daɗe a bututu.

Knudson da sukari

Lewis Knudson malamin ilmin aikin jikin tsirrai ne a Jami'ar Cornell ta Amurka, kuma kafin ya taɓa okid ya yi shekaru yana binciken yadda saiwa ke shan sukari. Da ya karanta aikin Bernard sai wani abu ya tsaya masa. Abincin da Bernard ke zuba wa iri da fumfuna a bututu garin dankalin wani okid ne, mai sitaci da yawa, kuma Bernard da kansa ya lura cewa in an kaurara garin, wasu ƙwayoyi sukan tsira ko babu fumfuna. Knudson ya ce, ashe aikin fumfunar shi ne ta narkar da sitaci ya zama sukari. In haka ne, a ba ƙwayar sukari kai tsaye mana.

Wahalar ita ce sukari abincin kowa ne. Duk abin da ya faɗa cikinsa na ƙwayar cuta ko fumfunar iska zai rufe irin cikin kwana biyu ko uku. Aka yi dace wani abokin aikinsa a Cornell, J. K. Wilson, ya riga ya nuna a 1915 cewa ruwan hodar bilic yana wanke iri ba tare da ya kashe shi ba. Knudson ya dafa gishirin ma'adinai da sukari da aga, ya zuba a bututu ya toshe da auduga, ya shuka wankakken irin Cattleya da Laelia a kai. Suka tsira. Ya fara buga sakamakon da Sifaniyanci a 1921, sa'an nan da Ingilishi a mujallar Botanical Gazette a 1922. A nan ya dace a ɗan ratse a ce aga ɗin nan, wanda ake samu daga ciyawar teku, yana daskarar da ruwa kamar kafaffen kamu, sunansa na asali agar-agar kalmar Malay ce, kuma ya shiga ɗakunan bincike ne a farkon shekarun 1880 ta hannun Fanny Hesse, wadda ta koyi dafa shi daga maƙwabtan da suka taɓa zama a Jawa. Watau shimfiɗar da aka kwantar da irin a kanta daga ƙasarsa ta fito.

Magoya bayan Bernard ba su karɓi wannan da daɗi ba. Julien Costantin ya dage cewa tsiron da bai san fumfuna ba nakasasshe ne, ba zai yi fure ba. Knudson ya amsa masa a 1930 da wani Laeliocattleya da ya rena ba fumfuna har ya yi fure. A 1946 ya fitar da ingantaccen haɗi, wanda ake kira Knudson C, mai giram 20 na sukari a kowace lita, kuma har yau ana amfani da shi. Idan aka auna gardamar da ilmin yau, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. Knudson ya yi daidai a kan abin da ke faruwa a kwalba, amma ya zarce da ya ɗauki fumfuna a matsayin cuta kawai wadda okid ke jurewa. A kan reshen itace babu mai zuba sukari. Binciken baya ya tabbatar cewa fumfunar tana kai wa ƙwayar sukari da sinadaran fosfaras da naitirojin, kuma babu okid da ke tsira a daji ba tare da ita ba.

Aikin kwalba

Yadda ake yi a yau bai yi nisa da na Knudson ba. Ana ɗaukar dunƙulen garin fure da tsinken sakace a sa a makarɓar wani furen, aikin da a daji wani babban ƙudan zuma mai huda itace ke yi wa farin Jawa. Furen ya yanƙwane, gindinsa ya fara kumbura. Wani abin lura shi ne, a lokacin barbarar ƙwayayen da za su zama iri ba su ma gama halittuwa ba. Sai bayan wata biyu ko fiye ake samun haɗuwar. A wajen wata huɗu kwanso ya ƙosa. Masu reno sukan tsinke shi tun yana kore bai fashe ba, domin cikinsa a tsarkake yake, bayansa kawai za a wanke. Abincin kuwa a dafa shi a tukunyar tururi a zafin digiri 121, a sa shi ɗan tsami-tsami. Ga Falanofsis akan ƙara niƙaƙƙiyar ayaba ko ruwan kwakwa, da garin gawayi don ya tsotse wani baƙin ruwa da saiwoyin ke fitarwa. Cikin 'yan makonni ƙurar ta zama kore. Akan sauya musu kwalba sau ɗaya ko biyu, su yi kusan shekara a ciki, sa'an nan a fito da su a saba musu da iska sannu a hankali, wanda nan ne aka fi yin asara. Daga shuka zuwa fure shekara biyu zuwa uku ne.

Hanyar ta isa ƙasashen furen da wuri. A 1928 Burgeff, mutumin fumfuna da kansa, ya ziyarci Singafo ya nuna wa Eric Holttum, shugaban lambun tsirrai na can, yadda ake shuka a kwalba. A 1940 aka yi rajistar Phalaenopsis Doris a Amurka, fari mai kauri da faɗi, wanda jininsa ke cikin akasarin fararen da ake sayarwa yanzu. A 1949 kuma wani ɗalibi ɗan Filifin a Cornell, Gavino Rotor, ya yanka sandar furen Falanofsis gaɓa-gaɓa ya sa a kan abincin Knudson, idanun gaɓoɓin suka fitar da sababbin tsirrai masu kama da uwarsu sak. Wannan ne karo na farko da aka yawaita okid a kwalba ba ta hanyar iri ba. Aikin bai sami kulawar da ta dace da shi ba a lokacin, yabon ya fi tafiya ga Georges Morel na Faransa wanda ya zo da tasa hanyar a 1960. Daga baya aka gano cewa zafin da ya kai digiri 28 yana hana Falanofsis fitar da sandar fure, sanyi kaɗan kuma yana sa shi fitarwa, sai masu reno suka sami linzamin sa shi fure a duk watan da kasuwa ke so. Kamfanin sukari na gwamnatin Taiwan ya shiga sana'ar a ƙarshen shekarun 1980, Holan ta gina manyan ɗakunan gilashi dominsa, har ya zama kan gaba a tsirran tukunya a kasuwar gwanjon furanni ta ƙasar. Furen da sai masu sarauta ke iya saye a 1840 ya koma kayan kanti.

Abin da ya rage a daji

Za a zaci kwalba ta 'yantar da daji. Ta rage masa nauyi, babu shakka, domin babu mai sayen yanƙwanannen tsiron daji alhali ga na reno mai fure goma a kan araha. Yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa dukkan dangin okid a ƙarƙashin izini, ta kuma sassauta wa 'yan tsirran da ke cikin kwalba. Amma masu tara irin asali ba su daina biyan kuɗi a kan na daji ba, musamman wanda aka ce ya yi ƙaranci, kuma ƙarancin ne ke ƙara masa tsada. Mafi muni, itatuwan da kansu suna tafiya. Dajin Filifin, wanda ya rufe kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙasar a 1900, ya koma ƙasa da kashi 25 kafin ƙarshen ƙarnin. Borniyo ta rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na dajinta tsakanin 1973 da 2010, ta hanyar saran katako da gobara da gonakin kwakwar manja. Ita kwakwar manjan 'yar Afirka ta Yamma ce. Tsirrai huɗu na farko da suka shiga Jawa an dasa su a 1848 a lambun Buitenzorg, lambun da Blume ya shugabanta.

Mayar da furen daji kuma ya fi fitar da shi wuya. Na kanti barbarar yanyawa ne da aka tace shekara da shekaru don ɗakin gilashi, ba shi da gurbi a kan reshe. Ko irin asali da aka rena a kwalba aka ɗaure a itace, yana iya rayuwa har ya yi fure, amma ba a ce ya koma gida ba sai ƙwaron da ke yi masa barbara yana nan, sai kuma ƙurar irinsa ta sauka a kan ɓawon da fumfunar da ta dace ke zaune. Shi ya sa masu wannan aiki a yau suka koma kan tambayoyin Bernard, suna ware fumfuna daga saiwoyin tsirran daji, irin su Ceratobasidium da Tulasnella, suna gwada wacce ke tsirar da wane iri.

A kudu maso gabashin Taiwan akwai wani ƙaramin tsibiri, mazaunin mutanen Tao, waɗanda ke kiransa Pongso no Tao, watau tsibirin mutane. A 1947 hukuma ta sauya masa suna zuwa Lanyu, tsibirin okid, saboda farin Phalaenopsis aphrodite da ke dazuzzukansa. Sunan ya zama talla. A shekarun da suka biyo baya 'yan kasuwa suka yi ta sayen furen daga hannun masu ɗebowa, har ya zama da wuya a ga ko ɗaya a kan itace a tsibirin, alhali zuriyar irinsa na cika kwalabe a ɗakunan gilashin Tainan ana loda su zuwa Japan da Amurka. Tun 1982 kuma a wannan tsibiri ake ajiye sharar nukiliya ta Taiwan, abin da mutanen Tao suka shafe shekaru suna zanga-zanga a kansa.